Mutum Biyu, Akwati Biyu: Shirin Zaga Turai a Jirgin Ƙasa Lokacin Bazara

Babban allon da ke rataye a tashar Gare du Nord ta birnin Faris yana iya ruɗa baƙo. A sahu ɗaya ga jirgin Landan, wanda ke isa cikin awa 2 da 'yan mintuna, bayan ya ratsa ramin nan mai tsawon kilomita 50 da ya bi ta ƙarƙashin teku, wanda aka buɗe a 1994. Ƙasa da shi ga na Burasel, bai cika awa ɗaya da rabi ba. Ga na Amsterdam da na Kolon, kowanne awa 3 da ɗoriya. Ƙasashe huɗu ke nan, kowacce ana iya karya kumallo a Faris a yi sallar azahar a cikinta. Miji da matar da suka daɗe suna tara kuɗin hutu, in suka ga haka, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne: me zai hana mu ga ƙasa goma a mako biyu?

Hanya dai a buɗe take. Dogo a haɗe yake tun daga Sikotilan har tsibirin Sisili, inda har gobe ake tura taragai cikin jirgin ruwa a tsallaka da su mashigin Messina. Sai dai bazarar Turai, wato Yuni zuwa Agusta, lokacin da damina ta kankama a ƙasar Hausa, ita ce lokacin da su kansu Turawan suke kan hanya. Makarantu na hutu, ma'aikata na hutu, kujeru na ƙarewa, kuɗin masauki na tashi. Tafiyar da ta yi armashi a wannan lokaci, akasari tun wata huɗu ko biyar kafin ranar tashi aka fara ginin ta, kuma babu abin da ke gyara ta kamar rage yawan garuruwa.

Ga mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana ko Kamaru, biza ce matakin farko. Ƙasashe 29 ne a yankin Shengen tun da Romaniya da Bulgeriya suka kammala shiga a Janairun 2025, kuma biza ɗaya ta ishi mutum ya zaga su duka. Kuɗinta yuro 90 ga kowane baligi tun Yunin 2024, ban da ladan kamfanonin da ke karɓar takardu irin su VFS Global da TLScontact, kuma in aka hana mutum, ko sisi ba a mayar masa. Hanawar kuwa da yawa: a 2024 an ƙi fiye da kashi 40 cikin 100 na buƙatun da aka shigar daga Najeriya. Miji da takardunsa, mata da nata. Kowa sai ya nuna inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da fasfon da zai rage aƙalla wata 3 bayan ranar dawowa. In maigida ne zai ɗauki nauyin tafiyar da asusunsa na banki, za a buƙaci takardar shaidar aure, kuma ma'aurata da yawa da aka ɗaura musu aure a masallaci ko a ƙofar gida ba su taɓa karɓar ta ba. Gara a nemo ta tun da wuri.

Akwai ƙa'idar da ta ɗaure biza da taswira wuri ɗaya. Ana nema ne a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. In kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za a fara shiga. Ke nan tilas a yanke hanya kafin a cike takarda. Doka ta yarda a shigar da buƙata tun wata 6 kafin tafiya, kuma mai son tashi a Yuli ya kamata ya yi amfani da wannan dama a Fabrairu ko Maris. Dalili shi ne tikitoci masu araha su ne ba a mayar da kuɗinsu, su ne kuma ke fara ƙarewa. Wanda bizarsa ta fito a Afrilu zai same su da kwanciyar hankali. Wanda ya jira Yuni, ko dai ya sayi tikiti kafin biza ya yi caca da kuɗinsa, ko ya saya bayanta da ninkin farashi.

Birtaniya ba ta cikin Shengen, bizarta dabam. Wanda kuma aka ba bizar shiga sau ɗaya, in ya leƙa Landan daga Faris, ƙofar komawa ta rufe. Haka Sabiya da Bosniya da Turkiyya. Suwizalan kuwa, ko da yake ba ta cikin Tarayyar Turai, tana cikin Shengen.

Sai zaɓen hanya, kuma a nan ne kwaɗayi ke zama mabuɗin wahala. Duk ranar sauya gari tana cinye abin da ya fi awannin da ke kan tikiti: haɗa kaya, biyan otal, neman tasha, sauka, neman sabon masauki, jiran ƙarfe uku na rana da yawancin otal-otal ke ba da ɗaki. Tafiyar awa 3 ta zama wuni guda. Ga mutum biyu masu mako biyu, gari huɗu ya isa, biyar ya yi yawa sai in biyu suna kusa da juna. Misali mai kyau: a sauka Faris a kwana huɗu, a ɗauki jirgin TGV Lyria zuwa Zurik cikin awa 4, a kwana biyu ko uku a Suwizalan, a tsallaka tsaunukan Alps zuwa Italiya, a zauna Benis kwana uku, a shiga jirgin dare zuwa Biyena, a ƙare a can. Bizar wannan hanya ta Faransa ce, tunda can aka fi kwana. Tikitin jirgin sama kuma a saye shi yadda za a sauka a wani gari a tashi daga wani, don kada a ɓata kwana guda da kuɗi wajen komawa inda aka faro.

Tambayar da ta fi raba kan matafiya ita ce ta katin Eurail, wato kati ɗaya da ke ba mutum izinin hawa jiragen ƙasa a ƙasashen Turai da yawa. An ƙirƙiro takwaransa Interrail a 1972 domin cikar ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa ta duniya shekara 50, kuma da farko matasa kaɗai ake sayar wa. Eurail ya girme shi, tun 1959 yake. Yau kusan abu ɗaya ne, suna aiki a ƙasashe 33, bambancin kawai inda mutum yake zaune. Mazaunin Turai, ko da koren fasfon Najeriya ne a hannunsa, Interrail zai saya. Wanda ya taso daga Kano ko Kumasi ko Yamai, Eurail. Irin wanda ya fi dacewa da hutu shi ne na zaɓaɓɓun ranaku: kwana 4, 5 ko 7 a cikin wata ɗaya, ranar da aka shiga jirgi kaɗai ake ƙirgawa. Na kwana 7 a aji na biyu ya kai wajen yuro 380 ga baligi a 2025, kimanin yuro 54 ke nan a kowace ranar tafiya, mutum biyu yuro 760. 'Yan shekara 27 zuwa ƙasa da masu 60 zuwa sama suna da rangwame.

Abin da masu saye da yawa ba sa ganewa sai sun tsaya gaban jirgi shi ne katin izinin tafiya kawai yake bayarwa, kujera kuma lissafinta dabam. Ta wannan fuska Turai kashi biyu ce. A Jamus, Ostiriya, Suwizalan, Holan da Beljiyam, yawancin jirage shiga kawai ake yi a nemi wurin zama. A Faransa, Italiya da Sifaniya kuwa, kowane jirgi mai gudu sai an kama kujera an biya: yuro 10 ko 20 a TGV na cikin Faransa, wajen 13 a Frecciarossa na Italiya, wajen 10 a AVE na Sifaniya, 30 ko fiye a Eurostar da jiragen da ke tsallaka iyaka daga Faris. A wasu jiragen ma kujerun da aka ware wa masu kati ƙidayayyu ne. Jirgin Faris zuwa Basalona yana iya samun gurbi ga mai sayen cikakken tikiti alhali rabon masu kati ya ƙare tun makonni. Akwai kuma waɗanda ba sa karɓar katin sam, irin su Ouigo a Faransa da Italo a Italiya.

Saboda haka lissafi ne zai raba gardama. A rubuta kowace tafiya, a duba farashinta in an saya da wuri, a tara, a kwatanta da kuɗin kati haɗe da kuɗin kujeru. Ma'auratan da suka tsayar da ranakunsu, masu dogayen tafiye-tafiye uku ko huɗu, sau da yawa tikitin gaba ya fi musu sauƙi: a Jamus ana samun sa ƙasa da yuro 20, kuma jirgin Milan zuwa Roma, mai awa 3, wanda kan tasam ma yuro 100 a ranar tafiya, yana faɗowa ƙasa sosai ga wanda ya saya wata biyu kafin nan. Kati yana cin riba ne a Suwizalan, inda tikiti ke da tsada, da kuma wajen masu son su tashi da safe su duba sama su yanke shawarar inda za su. Ko a Jamus ma, inda kama kujera ba dole ba ne, miji da matar da ke son zama kusa da juna a watan Yuli su biya 'yan yuron nan. In ba haka ba, ɗaya na iya zama a tarago na 5, ɗaya na tsaye kusa da ƙofa a na 9.

Game da Jamus akwai tsohon suna da ya kamata a gyara. Kamfanin Deutsche Bahn da kansa ya ce a 2024 kashi 62.5 cikin 100 na jiragensa masu dogon zango ne suka zo kan lokaci, kuma a lissafinsa jinkirin da bai kai minti 6 ba duk kan lokaci ne. Layukan sun tsufa, ana ta rufe su don gyara: na Frankfurt zuwa Mannheim an rufe shi daga Yuli zuwa Disamban 2024, na Hamburg zuwa Barlin daga Agustan 2025 na tsawon watanni. Har ta kai Suwizalan, wadda fiye da kashi 90 na jiragenta ke cika alkawari, takan tsayar da jirgin Jamus da ya makara a Basel don kada ya dagula mata jadawali. Manhajar sayen tikiti za ta iya ba mutum canjin jirgi na minti 7. A Zurik wannan ya wadatar. A Kolon ko Frankfurt, mai akwati da iyali ya nemi minti 30 ko 40.

Dokar Tarayyar Turai ta kare fasinja: jinkirin awa ɗaya ana mayar da kashi 25 na kuɗin tikiti, awa 2 kashi 50. Amma kariyar ta fi ƙarfi in duk tafiyar a tikiti ɗaya take. Wanda ya sayi tikiti biyu daga kamfanoni biyu, in na farko ya makara ya rasa na biyu, sai ya je ofishin tasha ya nemi a rubuta masa shaidar jinkiri, ya roƙi a sa shi a jirgi na gaba. Sau da yawa ana yarda, saboda yarjejeniyar da ke tsakanin manyan kamfanonin, amma gara a bar tazara tun farko. A Italiya kuma yajin aiki ba baƙon abu ba ne. Ana sanar da shi tun kafin ranar, kuma a ranakun aiki akan bar jiragen yanki su yi aiki daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe da 6 zuwa 9 na dare.

Jirgin dare shi ne ɓangaren da ma'aurata suka fi ɗoki. Ya kusa mutuwa, har Deutsche Bahn ya janye daga harkar a 2016, sai kamfanin ÖBB na Ostiriya ya karɓi wasu layukan ya sa musu suna Nightjet. Akwai aji uku: kujera, wadda ba ta dace da mai son barci ba, ɗaki mai gadaje huɗu ko shida da ake haɗa mutum da baƙi, maza da mata, sai dai in mace ta nemi ɗakin mata zalla, sai ɗaki mai gado biyu, ɗaya bisa ɗaya, da ƙofar da ake kullewa daga ciki da ɗan wurin wanke fuska, wasu har da banɗaki. Ga miji da mata wannan na ƙarshe ne ya dace, kuma ɗakunan kaɗan ne a kowane jirgi, su ne ke fara ƙarewa. Ma'aikacin tarago zai karɓi tikiti da dare, ya miƙo takardar zaɓen abin karin kumallo, da safe ya ƙwanƙwasa da shayi da burodi. Kuɗin ɗakin yana iya kai na otal mai kyau, don haka maganar cewa jirgin dare tsimi ne ba kullum take gaskiya ba. Ribarsa ita ce wunin da ya tsira. Mai katin Eurail rana ɗaya kawai ake cire masa, ranar tashi, muddin bai canza jirgi bayan sha biyun dare ba. Kuma a tabbata layin yana nan kafin a gina shiri a kansa: na Faris zuwa Biyena da na Faris zuwa Barlin na Nightjet sun tsaya a Disamban 2025, bayan gwamnatin Faransa ta janye tallafinta.

Wurin da ya cancanci a ba shi wuni guda ba tare da ƙyashi ba shi ne tsallaka Alps. Hanya mafi sauri daga Zurik zuwa Milan tana bi ta ramin Gotthard, kilomita 57, mafi tsawon ramin jirgin ƙasa a duniya tun buɗe shi a 2016. Aikin injiniya ne na ban mamaki, amma fasinja duhu kawai yake gani na kusan minti 20. Wanda ya zo ganin ƙasa ya bi ta Chur zuwa Tirano, layin da UNESCO ta sa mafi yawansa cikin kayan tarihin duniya a 2008. Jan jirgin yana ratsa ramuka 55 da gadoji 196. A gadar Landwasser, mai tsayin mita 65, yana lanƙwasa a sararin sama ya shige kai tsaye cikin bangon dutse. Yana hawa har mita 2,253 a Ospizio Bernina, inda ko a Yuli ana hango ƙanƙara a kan tsaunuka, sannan ya gangaro, ya zagaya kansa a gadar Brusio mai siffar zobe, ya ƙare yana tafiya a tsakiyar titin Tirano kamar motar haya. Jirgin Bernina Express mai manyan tagogi yana da kuɗin kujera mai ɗan nauyi. Jiragen yanki na yau da kullum suna bin wannan layin dai, ba a kama musu kujera, kuma ana iya sauka a wani ƙauye a ci abinci a hau na gaba. Daga Tirano zuwa Milan awa 2 da rabi ne.

Mutumin Sakkwato ko Maiduguri na iya raina zafin Turai, amma akwai dalilin yin hattara. Zafin 2003 ya kashe fiye da mutum 70,000 a nahiyar. A Agustan 2021 an auna digiri 48.8 a Sisili, a Yulin 2022 kuma Ingila ta haura 40 karo na farko, har dogo ya lanƙwashe aka dakatar da jirage. Matsalar ita ce gidajen an gina su ne don riƙe ɗumi, kuma ƙananan otal-otal da yawa a Faransa da Jamus da Ostiriya ba su da na'urar sanyaya ɗaki. A duba wannan kafin a biya. Mai yawon buɗe ido kuma a ƙafa yake wuni, a lokacin da a gida da yana inuwa.

Wannan ya shafi Andalus kai tsaye, wadda ke da matsayi na musamman a zuciyar duk wanda ya zauna gaban malamin zaure. Alƙurɗubi mai tafsiri daga Ƙurɗuba yake. Ibn Asim mai Tuhfa, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, alƙalin Garnaɗa ne. Alfazazi mai Ishiriniya ma mutumin Andalus ne. Daga Madrid jirgin AVE, wanda ya fara aiki a layin Ishbiliya a 1992, yana kai mutum Ƙurɗuba cikin ƙasa da awa 2, kuma tun 2019 layi mai gudu ya isa Garnaɗa. Babban masallacin Ƙurɗuba da Abdurrahman na Farko ya fara ginawa wajen 785 yanzu majami'a ce, ana shiga da tikiti, ba a yarda a yi salla a ciki ba. Gara mutum ya san haka tun daga gida. Fadar Alhamra ta Garnaɗa kuwa tikitinta da suna da lambar fasfo ake sayarwa, kuma a bazara yakan ƙare makonni kafin ranar. Sai dai kwarin Ƙurɗuba da Ishbiliya na cikin wurare mafi zafi a Turai, digiri 40 a Yuli ba labari ba ne. Mai son Andalus ya nufi farkon Yuni ko ƙarshen Satumba, ya kuma ba ta tafiyarta ita kaɗai. Haɗa ta da Suwizalan da Biyena a mako biyu taura biyu ce, ba ta taunuwa.

Agusta ma tana da halinta. Ƙarshen Yuli da farkon Agusta Faransawa ke musayar hutu, tashoshi su cika maƙil. Ranar 15 ga wata hutu ne babba a Italiya, ƙananan kantuna da gidajen abinci da yawa su rufe har mako biyu.

Kaya kuwa, a jirgin ƙasa babu mai ɗaukar wa mutum, kuma da wuya a sami 'yan dako a tasha. A ƙananan tashoshi jirgi minti 2 yake tsayawa. A cikin wannan ɗan lokaci sai an gano tarago, an hau matakala biyu ko uku da akwati, an nemi gurbi a kantar kaya da ke bakin ƙofa, wadda galibi ta riga ta cika. A Benis daga tasha gadoji masu matakala ne ke jiran akwatin. Ma'auni mai sauƙi: kowa ya ɗauki akwatin da zai iya ɗagawa shi kaɗai ya hau bene da shi, da ƙaramar jaka. Faransa tun 2024 ta kayyade manyan jakunkuna biyu da ƙarama ɗaya ga kowane fasinja, kowacce da suna a jiki. A Sifaniya ana wuce da kaya ta na'urar bincike kafin a shiga jirgi mai gudu. Tsarabar 'yan'uwa a bar ta sai gari na ƙarshe.

Guzurin gida yana da iyaka: dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara daga waje, don haka kilishi da dambun nama da man shanu za su ƙare ne a hannun jami'an kwastan. Yaji da dabino da garin kunu ba su cikin wannan haramci. Banɗakunan jirgi da na tasha babu buta, ƙaramar gorar roba a jaka tana magance wannan. Na tasha kuma akan biya wajen yuro ɗaya. Soket ɗin Najeriya da Gana irin na Ingila ne, mai ƙafa uku, ba ya shiga bangon Faransa ko Jamus sai da mahaɗi, Suwizalan kuma nata fasalin dabam. Layin waya da aka saya a wata ƙasar Tarayyar Turai yana aiki a sauran ba ƙarin kuɗi tun 2017, amma sau da yawa ban da Suwizalan, inda intanet ɗin awa ɗaya ke iya cinye kuɗin wata. Kuɗinta ma faran ne, ba yuro ba. Katin banki ya zama biyu, na bankuna biyu, ɗaya a hannun miji ɗaya a hannun mata, haka ma hoton fasfo da na tikitoci su kasance a wayoyin biyu. Masu yankan aljihu sun san tashoshin Roma Termini da Gare du Nord da Brussels-Midi, kuma lokacin cunkoson shiga jirgi suke aiki.

Fasfo kuma ya zauna a jiki, kada a tura shi cikin akwati. Jamus ta dawo da bincike a duk iyakokinta na ƙasa tun Satumban 2024, 'yan sanda kan shiga jirgi su bi tarago-tarago, kuma matafiya baƙar fata sun daɗe suna kukan cewa su aka fi tsayarwa. Mai takardu cikakku a hannu, maganar ba ta wuce minti ɗaya.

Ga Musulmi, tsawon rana shi ne abin da ya fi ba da mamaki. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Faris sai kusan ƙarfe 10 na dare, isha'i ta kusanci sha biyu, asuba kuma ta zo tun wajen ƙarfe 3 ko 4. Sauƙin da shari'a ta yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli yana da amfani ƙwarai a nan, kuma a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari tana yanke ƙasaru. Ya kamata a zauna da malami a fayyace wannan kafin a tashi. Juma'a a tsara ta ta faɗo a babban gari ba a kan hanya ba: Babban Masallacin Faris yana nan tun 1926, na Roma tun 1995, Biyena na da cibiyar Musulunci tun 1979. Abincin halal ba ya wuya a kewayen manyan tashoshi, inda Turkawa da Larabawa da 'yan Pakistan ke da shaguna, amma a ƙauyukan tsaunuka sai kifi da taliya da cuku. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke a Jamus da Ostiriya da Suwizalan, in ban da na cikin tasha. Hijabi ba shi da matsala a titi ko a jirgi. Niƙabi kuwa doka ta hana shi a bainar jama'a a Faransa da Beljiyam da Ostiriya da Denmak, da Suwizalan tun Janairun 2025, kuma akwai tara. Matar da ke sa shi ta san wannan tun kafin a zaɓi ƙasashe, shawarar kuma da ita za a yi.

Wannan ya kawo maganar da jadawali ba ya nunawa. A gida miji na fita, mata na da harkokinta, akwai yara da dangi da maƙwabta a tsakani. A wannan tafiya mutum biyu ne kaɗai, dare da rana, cikin gajiya da baƙon harshe. In mutum ɗaya ne ya tsara komai, ya riƙe tikiti da taswira da kuɗi, duk kuskure a kansa zai faɗa, ɗayan kuma ya zama mai bin baya kawai. Ya fi kyau a raba: wannan ya kula da jirage, wancan da masauki da abinci, kowa kuma ya zaɓi abu ɗaya a kowane gari da ba za a taɓa masa ba. Ranar da uwargida ta ce, "Maigida, yau dai a bar ni in huta, ƙafata ta kumbura," kada a ce tikitin gidan tarihi zai ɓaci. Shi ya sa ake barin wuni ɗaya a kowane mako babu komai a cikinsa, don wanki da barci da kiran gida. Su kuma yi yarjejeniya tun farko kan abin da za a yi in ƙofa ta rufe ɗaya na ciki ɗaya na waje, domin ƙofar TGV minti 2 kafin tashi ake rufe ta, kuma ba ta jiran kowa: wanda ke ciki ya sauka a tasha ta gaba ya jira, ko a haɗu a masauki, amma a san wanne.

Sunan tasha ma a karanta shi har ƙarshe. Faris na da manyan tashoshi da dama, wanda ya sauka a Gare du Nord zai wuce kudu sai ya ratsa gari zuwa Gare de Lyon, ya ba kansa awa guda. A Benis, tashar Venezia Mestre a kan tudu take, Santa Lucia ce a bakin ruwa. Frankfurt biyu ne, ɗaya a kan kogin Main mai babban filin jirgin sama, ɗaya can iyakar Polan.

Daren ƙarshe a kwana a garin da jirgin sama zai tashi. Jirgin dare ko doguwar tafiya mai canji biyu a ranar komawa gida na iya jawo asarar tikitin dawowa na mutum biyu, kuma in kwanakin biza sun ƙare a ranar, an shiga wata matsalar. Tun Oktoban 2025 ƙasashen Shengen suka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a iyaka, kwamfuta ce ke ƙirga kwanakin shiga da fita, kuma kwana ɗaya da aka zarce yana nan a rubuce ranar da ma'auratan za su sake neman biza.